Kalmar "Charge" da Ma'anoninta

Jama'a, akwai wata kalmar Turanci da ɗan ƙasa yakan ci karo da ita a takardun asibiti, da na banki, da na kotu. Ita ce "charge". Bahaushe ya daɗe da aronta, ya mai da ita "caji", har yakan kira ofishin 'yan sanda caji ofis. To, amma ma'anarta ba ɗaya ba ce, rashin rarrabewa kuwa yakan jawo hasara.

Turanci ya samo ta daga Faransanci, tushenta kuma Latin ne, inda take nufin ɗora kaya a kan amalanke. Wanda ya riƙe wannan ya kama bakin zaren, gama kusan kowace ma'ana tata wani abu ne aka ɗora wa wani.

Wani lokaci kuɗi ne aka ɗora. "Bank charges" lada ne da banki ke cirewa saboda aikin da ya yi maka. In kuwa ka ga an rubuta "free of charge", to, kyauta ke nan, ko kwabo kada ka bayar. Wanda ya nemi wani abu a hannunka, ka nemi ganin "officer in charge", watau wanda aka ɗora wa nauyin wurin. Cajin batir kam, wannan kowa ya san shi.

Ma'anar da ta fi nauyi ita ce ta shari'a. A kotu "charge" na nufin tuhuma, watau laifin da ake ɗora wa mutum a rubuce. Abin takaici, da yawa da zarar sun ji an caje su sai su ɗauka shari'a ta ƙare, wasu har su amsa abin da ba su gane ba don a sallame su da wuri. Ba haka ba ne. Tuhuma daban, hukunci daban. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗauki wanda ake tuhuma marar laifi ne har sai an tabbatar da laifinsa. Sashen ya kuma wajabta a bayyana masa tuhumar dalla-dalla da harshen da yake ji. In ba ya jin harshen da ake shari'ar da shi, haƙƙinsa ne a ba shi tafinta, ba tare da ya biya kome ba. Saboda haka in an karanta maka tuhuma da Turanci ba ka fahimta ba, ka gaya wa alƙali kafin ka ba da amsa.