Murhu mai fanka: in ya ƙi aiki, mi za a duba?

A ƙasar Zambiya akwai murhun dafa abinci wanda ba ya cin icce ko gawayi. Garin katako ake matsewa a yi ƴan dunƙule, a zuba ciki. Ƙaramar fanka tana hura iska, wuta ta kama sosai. Fankar da batir take aiki, allon rana ke cika batir ɗin.

In fanka ta ƙi juyawa, kada a ruga wurin mai gyara tukuna. Sau da yawa batir ne ya ƙare. A share ƙurar allon, a aje shi cikin rana wuni guda. A duba waya kuma: ta zare? Ɓera ya ci ta?

In fanka tana juyawa amma ga hayaƙi, sau da yawa laifin ba na lantarki ba ne. Toka ce ta toshe ramukan iska, ko dunƙulen sun jiƙe. A bari murhu ya huce, a zubar da toka, a tsokace ramukan da tsinke. Ban da ruwa, yana lalata fanka da batir.

In ta tsaya ana cikin dahuwa a ɗaki, a buɗe ƙofa da taga, a fid da yara waje. Hayaƙin nan yana kisa.