Wa Ya Cancanci Rigar Ƙasa?

Duk wanda ya taɓa zama gidan kallon ƙwallo a Jibiya, inda direbobin Maraɗi da fataken Katsina kan haɗu, ya san muhawara kan zaɓen 'yan wasan ƙasa ba ta ƙarewa. Hujja mafi ƙarfi, a ganina, ita ce ta marigayi Stephen Keshi, kocin Nijeriya na lokacin, wanda a 2013, alhali jama'a na ta inkari, ya ɗauki 'yan wasa shida daga ƙungiyoyin gida, har da Reuben Gabriel na Kano Pillars. Sai ga Sunday Mba, ɗaya daga cikin shidan, ya jefa wa Burkina Faso ƙwallon da ta kawo wa Nijeriya Kofin Afirka.