Labarin Seagate, Mai Ƙera Rumbun Kwamfuta

Kowane manomi ya san amfanin rumbu. To, kwamfuta ma tana da nata rumbun. A cikinsa take ajiye rubutu da lissafi da hotuna, ko an kashe ta suna nan ba su ɓace ba. Yau za mu karanta labarin wani kamfani da ya yi suna wajen ƙera irin wannan rumbu, watau Seagate.

Rumbun kwamfuta ɗan akwati ne na ƙarfe, girmansa kamar tafin hannun babban mutum. A ciki akwai faya-fayai masu sheƙi, kamar na garmaho, an shafe su da sinadarin maganaɗisu. Suna juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya. Akwai wani siririn hannu mai ɗan kai a bakinsa, shi ke rubutu, shi ke karatu. Allurar garmaho tana taɓa faifai, amma wannan kai ba ya taɓawa. Iskar juyin ce ke ɗauke da shi. Ratar da ke tsakaninsu ta fi silin gashi ƙanƙanta sau dubbai. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Kamfanin IBM na Amurka ne ya fara fito da irin wannan rumbu a 1956. Faya-fayansa 50 ne, kowane faɗinsa inci 24. Nauyinsa wajen tan guda. Duk da haka harufa miliyan 5 kaɗai yake ɗauka. Sai manyan ma'aikatu ke iya amfani da shi.

Cikin waɗanda suka yi aiki a IBM akwai wani injiniya, Alan Shugart. A 1979 shi da abokansa suka kafa nasu kamfani a Kalifoniya, wanda aka sa wa suna Seagate daga baya. A 1980 suka fito da ST-506. Faɗin gurbinsa inci 5 da kwata, yana ɗaukar megabait 5. Megabait ɗaya kuwa wajen harufa miliyan ne. Watau abin da dā sai an ba shi ɗaki, yanzu mutum ɗaya ya ɗauka a hannu. Kuɗinsa dala 1,500.

Kasuwa ta buɗe, kamfanoni suka yi yawa, gasa ta yi zafi. Waɗansu suka karye, waɗansu aka saye su. Seagate ya sayi Maxtor a 2006, ya sayi sashen rumbu na Samsung a 2011. Yau manya uku suka rage: Seagate da Western Digital da Toshiba. Yanzu awo ya koma terabait, watau megabait miliyan ɗaya. Rumbu mai terabait ɗaya ya ninka ST-506 sau 200,000, kuma kuɗinsa bai kai dala 100 ba.

To, yaya ingancinsa? Kayan Seagate iri-iri ne. Barracuda na aikin gida ne da ofis. Exos na manyan ma'aikatu ne, inda na'ura ke aiki dare da rana, don haka ya fi tsada, lamuninsa kuma ya fi tsawo. Amma suna ba ya hana lalacewa. A 2009 kamfanin da kansa ya yarda akwai kuskure a waɗansu Barracuda, ya fitar da gyara. Kowane rumbu, ko na wa ne, ranarsa tana zuwa.

Ku tuna da ratar nan. In rumbu ya faɗi yana cikin juyi, kan nan sai ya karce faifai, ajiya ta salwanta. Zafi da ƙura da ruwa su ma abokan gāba ne. In kun ji yana ƙas-ƙas, ku kwashe abin da ke ciki tun da wuri. In za ku sayi tsoho, ku sa wanda ya sani ya duba awa nawa ya yi yana aiki, gama araha ba ta ado. Akwai kuma sabon iri da ake kira SSD. Ba shi da faifai, ya fi sauri, ya fi jure faɗuwa, amma ya fi tsada in ana son ajiya mai yawa.

In rumbu ya mutu, kuɗi na sayen wani. Hotunan iyali da lissafin bashi kuwa ba a sayensu a kasuwa. Saboda haka duk abin da ba ku so ku rasa, ku ajiye shi wuri biyu.

Tambayoyi
1. A wace shekara aka kafa Seagate?
2. Me ya sa faɗuwa ke lalata rumbu?
3. Don me ake ajiya wuri biyu?