Kyanwa a Kwance: Bayani a Kan Jinyarta da Jinkirin Murmurewarta

Bahaushe ya san kyanwa farin sani, shi ya sa ya yi mata sunaye barkatai. Wani ya ce kyanwa, wani mage, wani mussa, wani kuma kuliya, namijinta kuwa muzuru. Ya sa ta cikin karin magana, ya yi mata kirari da mai kwanciyar ɗaukar rai, ya kuma laƙaba wa wanda ba ya iya cutar da kowa sunan kyanwar Lami. Amma duk da wannan sabo, ba kasafai ake jin maganar jinyarta ba. Akuya in ta kwanta akan tashi neman magani, doki kuwa ba a ma magana, domin su dukiya ne. Ita kyanwa ba a kai ta kasuwa, saboda haka in ciwo ya kama ta sai a ce ai rai tara gare ta, za ta tashi. Sau da yawa ba ta tashi.

Manufar wannan maƙala ita ce a bayyana abin da ke faruwa a jikin kyanwa sa'ad da ciwo mai tsanani ya kayar da ita, da dalilin da ya sa jinyarta ta bambanta da ta mutum ko ta kare. Ba abin wasa ba ne ga mai rumbu ko mai shagon hatsi a kasuwar Sabon Gari, wanda ya san ɓarnar ɓera. Har Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta lissafa ajiye kyanwa a gida cikin hanyoyin rage ɓerayen da ke yaɗa zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganewa a garin Lassa na ƙasar Barno a 1969. Ta fuskar addini kuwa, sanannen abu ne cewa Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da aka azabtar saboda ta tsare kyanwa ba ci ba sha har ta mutu.

Matsala ta farko ita ce kyanwa gwanar ɓoye ciwo ce. Ƙaramar dabba ce mai farauta, wadda kuma ake farautarta, don haka ɗabi'arta ce ta nemi lungu ta yi shiru in ba ta jin ƙarfi. Kafin masu gida su lura cewa yau ba a gan ta a bakin murhu ba, sau da yawa ciwon ya kwana biyu ko uku yana cin ta. Alamun da ya kamata a kula da su su ne ƙin abinci, da daina lasar jiki har gashi ya hargitse, da amai, da zawo, da majina ko kwantsa. Zafin jikin kyanwa mai lafiya yana tsakanin digiri 38 da 39 ne, watau ya ɗara na mutum kaɗan. Wadda ta yi zafi fiye da haka zazzaɓi take yi, amma wadda aka taɓa kunnuwanta da tafin ƙafafunta aka ji sun yi sanyi ƙalau, ita ce ta fi kusa da halaka.

Bari mu ɗauki misali da cuta guda, wadda likitocin dabbobi ke kira fanlukofeniya, ma'ana ƙarewar fararen ƙwayoyin jini. Ƙwayar bairos ce ke kawo ta, 'yar'uwar wadda ta ɓulla cikin karnukan duniya a 1978 tana sa su zawon jini. Ba ta kama mutum. Abin da take nema a jikin kyanwa shi ne wuraren da ƙwayoyin halitta ke saurin hayayyafa, watau bangon hanji da ɓargo. In ta cinye bangon hanji, sai ruwa ya riƙa zuba ta amai da zawo, abinci kuma ba ya shiga jiki. In ta taɓa ɓargo, sai fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne dakarun jiki, su yi ƙasa, ƙwayoyin cutar da ke zaune cikin hanji su sami ƙofa a buɗe su faɗa cikin jini. Akan ga mai wannan ciwo ta tsuguna a gaban kwanon ruwa, ta sunkuyar da kai, ƙishirwa na damunta amma ta kasa sha. Galibin 'yan kyanwar da suka kamu ba a yi musu magani ba mutuwa suke yi. Har yau babu maganin da ke kashe wannan bairos a cikin jiki. Duk abin da likita zai yi, da ƙarin ruwa, da allurar tsayar da amai, da maganin kashe ƙwayoyin cutar da suka biyo baya, tallafi ne kurum don a riƙe ran dabbar har jikinta ya haɗa nasa makamin. Wadda ta wuce kwana biyar tana numfashi, akasari takan sha.

Mutanen Zariya sun yi dace ta wannan fanni. Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a Samaru a 1962 ta buɗe tsangayar koyon likitancin dabbobi a tsakiyar shekarun 1960, da taimakon Jami'ar Jihar Kansas ta Amurka, tana kuma da asibitin koyarwa inda ake duba manyan dabbobi da ƙanana. Mutane da dama sun ɗauka na shanu da dawaki da karnukan masu hali ne kaɗai. Daga Sabon Gari zuwa can, ta Kwangila, ba wata tafiya ba ce. Sai dai a kula da yadda za a ɗauke ta. Kada a ɗaure ta cikin buhu kamar kazar da za a kai kasuwa. Kwali mai ƙwari da aka huhhuda, aka shimfiɗa tsumma a ciki, ko kwando mai murfi, ya wadatar, a kuma kare shi daga rana.

A nan ne ya kamata a tsaya a kan kuskuren da ya fi kowane kashe kyanwa a hannun masu ƙaunarta. Mutum ya ga dabbarsa tana zazzaɓi, tausayi ya kama shi, ya aiki yaro kemis a sayo Panadol, ya ɓantari rabi ya ɗura mata. A ganinsa abin da ya yi wa jariri amfani ba zai cuci kyanwa ba. To, hantar mutum tana da wani sinadari da ke ɗaure farasitamol ya fitar da shi ta fitsari, hantar kyanwa kuwa kusan ba ta da shi. Saboda haka maganin sai ya rikiɗe ya zama dafi, ya lalata jajayen ƙwayoyin jini har su kasa ɗaukar iska. Cikin 'yan sa'o'i dasashinta zai koma ruwan ƙasa, fuska da ƙafafu su kumbura, numfashi ya yi wuya. Ƙwaya ɗaya mai miligiram 500 ta isa ta kashe babban muzuru. Akwai makarinsa a wurin likita, amma sai in an kai ta da wuri. Wannan rauni na hanta shi ne kuma ya sa Izal da Dettol, waɗanda muke wanke ɗaki da su don tsabta, suke da haɗari gare ta, domin za ta taka, sa'an nan ta lashe ƙafa. Haka nan fiya-fiya, da maganin kaskar kare, da shinkafar ɓera, wadda kan kai gare ta ta cikin ɓeran da ya ci.

In an dawo daga asibiti, sauran aikin na gida ne, kuma shi ne mai tsawo. Na farko ruwa. Asalin kyanwar gida daga kyanwar daji ta Afirka ta Arewa da Gabas ta Tsakiya ne, dabbar busasshiyar ƙasa wadda ke samun yawancin ruwanta daga naman da ta kama. Shi ya sa ko tana lafiya ba mashayiyar ruwa ba ce, balle tana ciwo. Bukatarta a yini ta kai kimanin mililita 50 ga kowane kilo na nauyinta. Mai kilo 3 ke nan tana bukatar mililita 150, wajen cokalin shayi 30, ban da abin da zawo ya kwashe. Ana iya gwada bushewar jikinta ta hanyar ɗaga fatar bayan wuya a saki: in ta koma nan take, da sauƙi, in ta tsaya a tattare, ruwa ya yi ƙaranci ƙwarai. Akan ba ta da sirinji marar allura, ta gefen baki, mililita ɗaya ko biyu a lokaci guda, a bari ta haɗiye kafin a ƙara. Gaggawa a nan tana tura ruwa cikin huhu. Wadda ke amai ba ƙaƙƙautawa, ko wadda ba ta iya ɗaga kai, ba a ɗura mata komai, asibiti za a mayar da ita.

Akwai gargaɗi guda da ya shafi ran mai jinyar kansa. Kyanwar da halinta ya canja farat ɗaya, tana dalalar da miyau, tana kasa haɗiya, ko tana kai cizo ba dalili, kada wanda ya sa mata hannu a baki da sunan ciro ƙaya. Ciwon haukan kare yana kama kyanwa, kuma tana iya sa wa mutum. Wanda ta ciza ko ta yakusa ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, ya tafi asibiti a ranar.

Na biyu abinci, kuma a nan ma kyanwa ta saɓa wa sauran dabbobi. Kare yana iya kwanaki bai ci ba ya tashi garau. Kyanwa in ta yi kwana uku ko fiye ba ta ci ba, musamman mai ƙiba, jikinta yakan kwaso kitse ya tara a hanta fiye da yadda hantar za ta iya sarrafawa, sai shawara ta bayyana, idanu da cikin kunnuwa su yi ɗorawa. Ciwo na biyu ke nan ya hau kan na farko. Saboda haka maganar a bar ta, in yunwa ta ishe ta za ta ci, ba ta da gurbi a nan. Da zarar amai ya tsaya sai a fara, amma da kaɗan: kamar kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ta saba ci, a raba shi sau biyar ko shida a yini, a riƙa ƙarawa cikin kwana uku zuwa huɗu. Dafaffiyar tsokar kaza da aka daka, ko kifin da aka cire wa ƙaya, ko dafaffen ƙwai, duk suna yi. Kyanwa da hanci take cin abinci, don haka a share mata majina da tsumma mai ɗumi, a ɗan ɗumama abincin don ƙanshi ya tashi. 'Yar romon banda irin wadda ake sayarwa a Sabon Gari, in ba gishiri, takan jawo hankalin wadda ta ƙi komai. Abin da ba a so shi ne romon tukunyar gida, domin albasa da tafarnuwa suna fasa mata jajayen ƙwayoyin jini. Madara ma, duk da an saba ganin ta a matsayin gatan kyanwa, yawancin manyansu ba sa narkar da ita, sai ta ƙara zawo. Tuwo da miya kuwa ba sa gina ta. A 1975 masu bincike a Amurka suka nuna cewa rashin wani sinadari mai suna torin, wanda a nama ake samunsa, yana makantar da kyanwa, a 1987 kuma aka gano yana raunana zuciyarta.

Ɗumi bai bukatar dogon bayani. A watannin Disamba da Janairu, lokacin da hunturu ke kaɗawa a Samaru, ramammiyar kyanwa ba ta iya riƙe zafin jikinta a kan siminti. Kwalabar ruwan ɗumi da aka naɗe da tsumma ta isa, a ajiye ta a gefe yadda dabbar za ta iya matsawa in ta ji zafi.

Sauƙin kuwa ba ya zuwa a miƙe. Yau ta lashi abinci, gobe ta kau da kai, jibi ta ci har ta nemi ƙari. Masu jinya da yawa a nan suke karaya, ko kuma su ga ta tashi zaune su ɗauka an gama, su watsar da sauran maganin da likita ya rubuta. Bangon hanjin da ya lalace sai ya sake tsirowa, shi ya sa bayan gida kan ci gaba da zama ruwa-ruwa na wani lokaci, naman da ya zube cikin mako guda kuma yakan ɗauki makonni kafin ya dawo. Ido ba ya iya auna wannan, domin mai ganin ta kullum ba ya ganin canji. Gara a riƙa ɗora ta a sikeli sau ɗaya a mako, a rubuta. A ganina alamar da ta fi kowace faranta rai ita ce ranar da ta ɗaga ƙafar gaba ta lasa ta shafa fuska, domin kyanwa ba ta komawa ga kwalliya sai ƙarfi ya soma dawowa. Kada kuma mai jinya ya ji haushi in ya ga tana gudunsa, alhali tana zuwa wurin waɗanda ba su taɓa wahala da ita ba. Shi ne mai sirinji, kuma ba ta manta ba tukuna. Hakan yakan wuce in an daina ɗura.

Wadda ta warke daga fanlukofeniya ba ta cika sake kamuwa ba, amma tana iya ci gaba da fitar da ƙwayar cutar a kashinta har mako shida, saboda haka a raba ta da sauran. Ita ƙwayar tana da taurin rai, tana iya shekara guda a daɓen ɗaki ko jikin kwano, sabulu kaɗai ba ya kashe ta. Abin da ke kashe ta shi ne ruwan bilic irin su Jik, kashi ɗaya cikin ruwa kashi 30, a bar shi minti goma, a ɗauraye, a bari ya bushe. Tsummokaran shimfiɗa da kwalin ƙona su ya fi. Tsakar gida ta ƙasa ba ta wankuwa, don haka duk ɗan kyanwar da za a kawo gidan daga baya sai an yi masa allurar rigakafi tukuna, wadda ake farawa yana da mako 6 zuwa 8, a maimaita bayan kowane mako uku ko huɗu har ya kai mako 16.