Na'urar da Ke Gadin Gwajin Ruwa da Dare

Ruwan Kogin Haɗeja daga nesa yake zuwa. Kogin Kano da na Challawa ne suke haɗuwa kafin Wudil, su gangaro ta Ringim har su iso mana. A hanya ruwan yakan kwaso dattin masana'antun jima na Kano. Yakan kuma kwaso maganin ƙwari da muke fesa wa shinkafa a fadamun Auyo da Haɗeja. Ido ba ya ganin wannan guba. Ruwa yana iya zama garau, alhali da cuta a cikinsa.

To, yaya masana ke gano ta? Sai sun tatso ta. Sukan ɗebi ruwa, da lakar ƙasan kogi, da naman kifi. Laka da kifi ana busar da su, a niƙa, a zuba cikin wani tulun gilashi. Wani masani mai suna Soxhlet ne ya ƙirƙiro shi a 1879. A ƙarƙashinsa ana tafasa wani sinadari dangin fetur. Tururinsa ya tashi, ruwan famfo ya sanyaya shi, ya ɗigo kan lakar ya wanko gubar. Kamar dai yadda tururi ke taruwa a murfin tukunya ya koma ciki. Haka za a yi ta yi har awa 16 zuwa 24.

A nan haɗarin yake. Idan ruwan famfo ya ɗauke da tsakar dare, kuma mun san halin famfunanmu, tururin zai cika ɗaki. Tartsatsi ɗaya ya isa ya tada gobara.

Da can sai ma'aikaci ya kwana yana gadi. Yanzu akwai na'urar da ke yin gadin. Tana lura da gudun ruwa, tana auna zafi. Da zarar abu ya ɓaci, sai ta yanke lantarki, ta yi ƙara. Wata har saƙo takan aika wa ma'aikaci a waya. Ta kirki ita ce wadda ba ta sake kunna wuta da kanta, sai mutum ya zo ya duba.

Saboda haka idan jami'ai suka ɗebi ruwan garinku, sakamakon zai ɗauki kwanaki. In sun ce ku kawo da kanku, ku zuba a kwalba mai tsabta, ba a jarkar da ta taɓa ɗaukar maganin feshi ba.