Gane alamun cutar tabon jijiyoyi a hoton IRM da sanin asalinsu

1. Gabatarwa

A cikin wannan ƴar maƙala za mu duba cutar da ake kira sclérose en plaques da Faransanci, wadda Jean-Martin Charcot ya fayyace a Paris a 1868. Ta fi kama masu shekara 20 zuwa 40, mata fiye da maza. Garkuwar jiki ce ke juyowa ta riƙa cin miyelin, wato kuben da ke lulluɓe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka.

2. Abin da hoto ke nunawa

Inda kube ya zagwanye ruwa yakan taru, shi ya sa wurin ke fitowa fari a hoton T2 da FLAIR. Tabon yana da siffar ƙwai, tsawonsa milimita 3 ko fiye. Mukan neme shi a gefen ɗakunan ruwa na tsakiyar ƙwaƙwalwa, da daf da ɓawonta, da gindinta, da cikin laka. Ƙa'idojin McDonald na 2024 sun ƙara jijiyar gani a cikin jerin.

Ƙwayoyin garkuwa daga ƙananan jijiyoyin jini suke tsallakowa, saboda haka tabon yakan bi tsawon jijiyar, ya tsaya a miƙe jikin ɗakin ruwa. Wannan ne ake kira yatsun Dawson. In an yi allurar gadoliniyom tabo ya haska, sabo ne, domin shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa ya ɓalle na ƴan makonni. Baƙin rami mai ɗorewa a hoton T1 kuwa shaida ce cewa zaren jijiyar kansa ya mutu.

3. Musabbabi

Gado yana da hannu, musamman HLA-DRB1*15:01, haka ma ƙarancin bitamin D da shan taba. Binciken 2022 a kan sojojin Amurka sama da miliyan 10 ya nuna kamuwa da ƙwayar Epstein-Barr na ninka haɗarin sau 32.

4. Kammalawa

Wajibi ne mu yi hattara, domin hawan jini da sikila, waɗanda suka yawaita a ƙasashenmu, su ma suna barin farin tabo. Dogon tabo a laka da ya kai tsawon ƙasusuwan baya 3 ya fi nuni ga cutar Devic, wadda wasu magungunan wannan cuta ke tsanantawa. Don haka sai a haɗa hoto da tarihin majinyaci da gwajin ruwan laka kafin a yanke hukunci.