Vincent Massey da Aikin Filabin a Jikin Mai Rai

Wanda ya taɓa shan ƙwayoyin bitamin B ya san yadda fitsari ke komawa ruwan ɗorawa bayan 'yan sa'o'i. Rarar bitamin B2 ce jiki ke zubarwa. Abin da ya riƙe kuwa yana sarrafa shi zuwa sinadarai biyu, FMN da FAD, waɗanda ake haɗa su a kira filabin. In babu su, abinci ba zai zama ƙarfi a jiki ba. Vincent Massey ya shafe sama da shekara 40 yana bin diddigin yadda suke aiki.

An haifi Massey a 1926 a jihar New South Wales ta Ostireliya, cikin iyalin masunta. Ya yi digiri a Jami'ar Sydney, ya wuce Cambridge ta Ingila inda ya kammala digirin digirgir a 1953 a hannun Malcolm Dixon. Daga nan ya yi aiki da Thomas Singer a Detroit, ya koyar a Sheffield, sannan a 1963 ya koma Jami'ar Michigan ta Amurka, inda ya zauna har rasuwarsa a 2002.

Kafin a gane aikinsa, sai an san mene ne enzayim. Furotin ne da ke hanzarta sauyin sinadarai a cikin mai rai. Wasu enzayim ba sa iya aiki su kaɗai, sai da ƙaramin mataimaki. A 1932 Otto Warburg da Walter Christian sun ciro wani enzayim rawaya daga yisti a Jamus. Bayan 'yan shekaru Hugo Theorell ya raba furotin ɗin da launinsa, sai aiki ya tsaya cak. Da ya sake haɗa su, aiki ya dawo. Launin nan shi ne filabin.

To, me filabin ke yi? Dako yake yi. Yana karɓar ƙwayoyin lantarki, wato elektaron, daga wani sinadari ya kai wa wani. Bajintarsa ita ce yana iya ɗaukar biyu a lokaci guda, yana kuma iya ɗaukar ɗaya-ɗaya. Shi ya sa yake shiga tsakanin sinadarin da ke bayar da biyu da wanda ba ya karɓar sai ɗaya.

Nan ne abin ya yi wa mai bincike daɗi, domin kowane hali da launinsa. Filabin da bai ɗauki komai ba rawaya ne. In ya ɗauki elektaron ɗaya, sai ya koma shuɗi ko ja. In ya ɗauki biyu, launin ya kusa ɓacewa. Matsalar ita ce sauyin ya fi ƙiftawar ido sauri. Tare da Quentin Gibson, Massey ya yi amfani da wata na'ura mai sirinji biyu: ɗaya da enzayim, ɗaya da sinadarin da zai sarrafa. A tura su tare, su gauraya cikin ƙaramar kwalba, a tsayar da kwararar nan take, haske ya ratsa, na'ura ta rubuta yadda launi ke juyawa cikin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa. Da haka aka riƙa ganin matakan aiki ɗaya bayan ɗaya.

Sai babbar tambaya: ta yaya sinadari guda ke yin ayyuka masu yawa haka? Amsar Massey ita ce furotin ne ke juya akalarsa. A enzayim ɗin da ke ƙona sukarin gulukos, filabin yana miƙa wa iskar oksijin elektaron biyu, a samu haidirojin feroksaid. A wani enzayim na ƙwayoyin bakteriya, Massey da Barrie Entsch da David Ballou sun nuna cewa filabin yana riƙe oksijin na ɗan lokaci, sannan ya dasa ƙwaya ɗaya tata a jikin sinadarin da ake sarrafawa. Don ya san abin da ke kewaye da filabin a cikin furotin, sai ya riƙa cire na asali yana saka na ƙirƙira da aka ɗan sauya wa siffa, tare da Peter Hemmerich da Sandro Ghisla, ya ga me zai canja.

Wannan ilimi ya isa gadon asibiti. Akwai enzayim mai filabin da ke samar da sinadarin yurik, wanda in ya taru a gaɓoɓi yake haddasa ciwon gawut. A 1970 Massey da Gertrude Elion da abokan aikinsu sun bayyana yadda maganin allopurinol ke aiki: enzayim ɗin da kansa ne ke sauya maganin zuwa wani sinadari da ke maƙale masa, ya hana shi motsi. Haka kuma yawancin na'urorin gwajin sukari da ake ɗiga wa jinin yatsa da enzayim mai filabin suke aiki.

An zaɓi Massey cikin ƙungiyar masana ta Royal Society a 1977. Gadon da ya bari shi ne hanyar bincike: a rarraba aikin enzayim mataki-mataki, a auna kowane mataki, kada a yanke hukunci sai awo ya tabbatar. Masu haɗa magunguna da masu nazarin cututtukan gado har yau a kan wannan hanya suke tafiya.